Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga 'yan Chelsea na gidajen kallo: don Allah ku ƙyale Lampard ya koyi aikinsa

Assalamu alaikum 'yan uwana 'yan Chelsea, na Kano da Kaduna da Jos da Zariya da Maraɗi da duk inda ake biyan kuɗin benci a zauna kallon bal, manyanmu da ƙannenmu, barkanku da war haka.

Ni ɗan Chelsea ne kamar ku, tun zamanin Ranieri nake wannan kulob, kuma rigar bal ta farko da na saya da kuɗin gumina lamba 8 ce a bayanta, har yau tana nan a ƙasan akwati duk da ta koɗe ta yi min kaɗan. Abin da ya sa na zauna nake wannan dogon rubutu shi ne yadda muke yi wa Frank Lampard, don na lura mun rabu gida biyu kuma wallahi duka gidajen biyu cutar da shi muke yi. Gida ɗaya su ne masu cewa ai Lampard ba koci ba ne, sunansa kawai yake ci, ko sunan aka ambata sai a yi tsaki. Ɗaya gidan kuma su ne waɗanda da zarar Coventry, kulob ɗin da ya karɓi horarwa a 2024, ta ci wasa uku a jere, kujerar kocinmu kuma ta fara rawa a Stamford Bridge, sai ka ga an cika Facebook da a dawo da Super Frank, a dawo da ɗan gida. To da ku duka nake, amma na fi yi da na biyun, don su ne suke ganin ƙauna suke nunawa.

Mu tuna wane ne mutumin tukuna, saboda yaran da suka fara kallo daga 2015 zuwa yau ba su san shi ba sai a kan benci da kwat. Ɗan tsakiya ne fa, ba ɗan gaba ba, amma ya ci wa Chelsea ƙwallo 211, babu wanda ya kai shi a tarihin kulob ɗin, ba Drogba ba, ba kowa ba. A watan Mayun 2013 ya wuce Bobby Tambling mai 202, a gidan Aston Villa, ya ci biyu rana ɗaya. Shi ya ci biyun nan a Bolton a 2005 da muka ɗauki kofin lig karon farko cikin shekara 50. Ya buga wasan Firimiya 164 a jere ba fashi. A 2005 ɗin Ronaldinho ne kaɗai ya sha gabansa a Ballon d'Or. Ingila kuwa ya buga mata wasa 106, kuma ƙwallonsa ce ta daki turke ta faɗa cikin ragar Jamus a Afirka ta Kudu a 2010 alƙalin wasa ya ce ba ta shiga ba, wadda ta ƙara matsa wa FIFA har aka kawo na'urar duba layin raga.

Amma ni ba waɗannan ne suka sa nake ƙaunarsa ba. A watan Afrilun 2008 mahaifiyarsa ta rasu, kwana shida bayan haka ya fito ya buga da Liverpool a wasan kusa da na ƙarshe na Zakarun Turai, aka samu fenareti a ƙarin lokaci, ya ɗauki ƙwallon da kansa. Ina zaune a wani gidan kallo na kwano a unguwarmu, zafi kamar tanda, janareto na ta ƙara a baya, mun fi mutum ɗari a ciki, amma lokacin da ya ajiye ƙwallon nan sai da wurin ya yi tsit, har 'yan Liverpool ɗin da suke ta surutu tun farko. Ya buga ta shiga, ya ruga kwana ya durƙusa yana sumbatar baƙin ƙyallen hannunsa yana nuna sama. Wani dattijo da ke kusa da ni, ɗan Arsenal ne ma, ya ce Allah sarki, maraicin uwa babu babba. Shekara huɗu bayan haka a wasan ƙarshe na Zakarun Turai a Munich, an dakatar da Terry, Lampard ne ya ja mu a matsayin kyaftin, shi da Mikel ɗan Jos suka tsaya a tsakiya minti 120 Bayern na ta luguden wuta, ya ci tasa a bugun fenareti, muka ɗauki kofin.

Abin da yawancinmu muka manta shi ne ba haka aka haife shi ba. A West Ham ya taso, babansa mataimakin koci, mijin 'yar uwar mamansa Harry Redknapp kuma shi ne kocin, don haka magoya bayan West Ham da yawa suka ɗauka alfarma ce kawai take sa ana saka shi. Akwai bidiyon nan na 1996, ku nema a YouTube, taron magoya baya ne, wani ya miƙe a gaban jama'a ya ce yaron nan bai isa ba, yaron kuma yana zaune a teburin yana ji, bai kai shekara 20 ba, fuskarsa duk ta canja. Redknapp ya tsaya kai da fata ya ce yaron nan zai kai ƙololuwa. Lokacin da Chelsea ta saye shi fam miliyan 11 a 2001 ma mutane da yawa cewa suka yi an yi tsada, kuma kakarsa ta farko ba wani abin a zo a gani ya yi ba. Ba shi da gudun Henry, ba shi da yankan Ronaldinho. Abin da yake da shi shi ne idan kowa ya tashi daga atisaye shi sai ya tsaya da buhun ƙwallaye yana ta harbi, yana ta gudu shi kaɗai, shekara da shekaru. Sai da ya yi kusan shekara 8 yana buga bal a matakin manya kafin ya zama Lampard ɗin da muka sani. Mutum ne mai koyo a hankali amma idan ya koya ya koya kenan.

To mutumin da haka halittarsa take, shi aka ɗauka bayan kaka ɗaya tal da fara koci aka ɗora masa Chelsea.

Kaka ɗaya fa. Ya ajiye takalmi a farkon 2017 bayan Manchester City da New York, ya ɗan yi sharhi a talabijin, a Mayun 2018 Derby County ta ba shi aiki a Championship, wato rukuni na biyu. Ya yi ƙoƙari, ba ƙarya, ya je Old Trafford ya fitar da Mourinho maigidansa na da a kofin Carabao da fenareti, ya ƙare na 6, ya je Elland Road ya doke Leeds ɗin Bielsa 4-2 bayan an ci shi a gida, sannan Aston Villa ta doke shi 2-1 a Wembley a wasan hawa Firimiya. Wannan koci ne mai tasowa, wanda ya kamata a bar shi ya sake shekara biyu ko uku a can yana cin tuntuɓe inda ba kowa ke kallo ba. Amma Sarri ya tafi Juventus, Hazard ya tafi Real Madrid, FIFA ta hana mu sayen 'yan wasa, manyan kocina ba mai son karɓar wannan kaya, sai aka tuna da ɗan gida. Kuma mu faɗi gaskiya, mu ma murna muka yi, ni ma har da ni, ranar da aka sanar a Yulin 2019 na ɗauko tsohuwar rigar nan na rataye a ɗaki. Wa zai ce masa kar ka karɓa? Shi ma da wane baki zai ce a'a?

Masu cewa bai iya komai ba, ku zo mu yi lissafi. Wasan farko United ta yi mana 4-0, kowa ya ce shikenan bana sai dai addu'a. Mutumin nan ya ɗauko Mason Mount da Tammy Abraham da Fikayo Tomori da Reece James, yaran da a da sai dai a yi ta tura su aro har su tsufa a hanya, ya zuba su a fili ya ƙare na 4, ya kai mu wasan ƙarshe na FA duk da Arsenal ta cinye mu 2-1. Kocina nawa suka wuce ta Chelsea zamanin Abramovich, wanne ne ya yarda da yaran makarantar kulob haka? Daren da muka ɗauki Zakarun Turai a Porto a 2021, wanda ya ba Havertz ƙwallon Mount ne, wanda ya hana Sterling sakat Reece James ne, wanda ya tsare raga Mendy ne, Chilwell yana hagu, Thiago Silva ya fara wasan, duk waɗannan ko Lampard ya raino su ko a hannunsa suka zo, kuma shi ya fito da mu daga rukuni a matsayi na ɗaya a gaban Sevilla. Tuchel da ya gaje shi ne ya ci kofin, babu mai ƙwace masa, amma ba a kan fako ya yi gini ba.

Ku kuma masu cewa an zalunce shi kawai, a nan zan saɓa muku, don idan ana son mutum gaskiya ake faɗa masa. Baya ba ta taɓa zama daidai a hannunsa ba. Ƙwallo 54 aka zura mana a lig a kakarsa ta farko, Bayern ta yi mana 7-1 gida da waje, kowa yana gani idan aka ƙwace mana ƙwallo tsakiya a buɗe take kamar titi da asuba, kwana kuwa idan aka samu a kanmu sai ka ga gidan kallo kowa ya dafe kai. Da aka buɗe masa kasuwa aka kashe sama da fam miliyan 200, Werner da Havertz da Ziyech suka zo, ya rasa inda zai ajiye kowa, yau Werner a hagu gobe a gaba, Havertz yau dama gobe tsakiya. Ya ajiye Rudiger a benci, Tuchel na zuwa ya mayar da shi cikin manyan 'yan bayan Turai cikin wata huɗu. A farkon Disambar 2020 muna saman tebur, ranar 25 ga Janairun 2021 aka kore shi muna na 9. Tuchel ya zo da 'yan wasan nan dai, ya koma baya uku, raga ta rufe cikin sati biyu. Wannan ba ƙiyayya ba ce, bambancin wanda ya fara daga yaran Stuttgart da Augsburg ya bi ta Mainz da Dortmund da PSG ne da wanda yake shekararsa ta uku a sana'a.

Ni na san wannan abin a jikina, don shekara 6 kenan ina horar da yaran unguwarmu 'yan ƙasa da 15 a filin makarantar firamare da yamma. A zamanina na buga tsakiya kuma ana yabona, amma ranar da na fara tsayawa gaban yara da usur na gane buga bal daban, koyar da ita daban. Akwai wani yaro mai ƙafa sosai, na yi wata biyu ina ce masa ka shigo da'ira a makare, kar ka riga ƙwallo isa, shi kuma kullum ko ya riga ta ko ya makara gaba ɗaya, ni abin a jikina yake ban taɓa tunanin yadda nake yi ba, don haka na kasa faɗa masa da baki, sai ihu nake yi. Sai da na zauna na yi tunani na gano abin da nake kallo ba ƙwallon ba ce, kafaɗar ɗan bayan da ke riƙe da ni nake kallo, da ya juya kai sai in wuce. Da na faɗa masa haka, sati ɗaya ya kama. To idan abu ɗaya ya ci min wata biyu da yaro ɗaya, ku auna mutum 25, kowa miloniya, kowa da wakilinsa, da 'yan jarida a ƙofa, da mai kulob da ba ya jira.

Everton ma haka. Ya karɓe su ƙarshen Janairun 2022 bayan Benitez, kulob a hargitse, magoya baya suna faɗa da shugabanni, kuɗi an ɓarnatar. Ya tsirar da su, duk wanda ya kalli wasan Crystal Palace ɗin nan da aka ci su 2-0 kafin hutu suka dawo suka ci 3-2 jama'a suka cika fili ba zai manta ba. Kuma mu 'yan Najeriya ya kamata mu riƙe masa alheri ɗaya, Iwobi kafin zuwansa an gama yanke masa hukunci a Goodison, Lampard ne ya yarda da shi ya dawo da shi tsakiya har ya zama wanda suka fi dogara da shi. Amma aka sayar da Richarlison, Calvert-Lewin kullum jinya, cin ƙwallo ya gagara, Janairun 2023 aka sallame shi suna na 19.

Sai kuma abin da har yau yake min ciwo, Afrilun 2023. Sababbin masu kulob sun kori Tuchel, sun kori Potter, sun kashe sama da fam miliyan 500 sun tara 'yan wasa sama da 30 har Thiago Silva ya fito ya ce sai da aka faɗaɗa ɗakin canja kaya, kaka ta riga ta mutu, suna neman wanda zai tsaya a gaba ya sha jifa har ta ƙare. Wa aka kira? Ɗan gida. Wata uku ma bai cika da barin Everton ba, kamata ya yi ya huta, amma Chelsea ce ta kira. Wasa 11, ya ci 1, canjaras 2, aka doke shi 8, muka ƙare na 12. A lokacin ne na ji da kunnena a teburin mai shayi wani matashi sanye da rigar Chelsea yana zagin Lampard zagin da ba zan iya rubutawa ba, har da iyaye. Na ce masa ƙanena, ka san wanda kake zagi kuwa? Ya ce yaya ni ba ruwana da tarihi, sakamako nake so. Ban ƙara magana ba, na biya kuɗin shayina na tafi, amma daren nan na daɗe ban yi barci ba. Kuma abin da na gane shi ne mu da muka yi ta kiran a dawo da shi, mu muka kai shi inda yaron nan zai zage shi.

Ku dubi tsararrakinsa ku gani ko shi kaɗai ne. Gerrard ya ci lig da Rangers a 2021 ba a doke shi ko sau ɗaya ba, ya yi tsalle zuwa Aston Villa, bai cika shekara ba aka kore shi. Rooney wasa 15 ya yi a Birmingham. Gary Neville aka ba shi Valencia bai taɓa riƙe kulob ba, Barcelona ta yi masa 7-0. Sannan ku dubi Eddie Howe wanda ba wani suna ya yi a wasa ba, ya karɓi Bournemouth a rukuni na huɗu an cire musu maki 17, ya bi mataki mataki har Firimiya a 2015, a 2025 ya ba Newcastle kofin Carabao. Suna yana buɗe wa manyan 'yan wasa ƙofa da wuri, shi ne kuma yake hana su zaman koyo, don babu mai barinsu su yi kuskure a ɓoye.

Shi ya sa da na ji ya karɓi Coventry a ƙarshen Nuwamban 2024 na ji daɗi har raina, duk da wasunku dariya suka yi wai ya faɗo. Bai tarar da shimfiɗa ba. Mark Robins da aka kora kafin shi gwarzo ne a garin, shi ya ɗauko su daga rukuni na huɗu, lokacin da kulob ɗin ko filin kansa ba shi da tabbas har sai da suka yi zaman haya a Birmingham, ya kai su wasan hawa Firimiya a 2023 Luton ta cire su da fenareti, ya kai su kusa da ƙarshe na FA a 2024 suka farke wa United uku. Magoya bayansu da yawa ba su so korarsa ba, kuma ba su yi maraba da wani mai suna daga Landan ba. A can ƙwallo 211 ɗinsa ba ta sayen komai, ba a ci musu ita ba. Ya same su na 17, maki 2 tsakaninsu da 'yan faɗuwa, ya ƙare da su na 5. A wasan kusa da na ƙarshe na hawa Firimiya Sunderland ta fitar da su da kan Dan Ballard a minti na 122, daƙiƙu kaɗan a tafi fenareti. Bai gudu ba, bai fara neman wani babban kulob ba, ya zauna, kaka ta zagayo suka yi wa QPR 7-1 a Agustan 2025, suka hau saman tebur suka yi wata da watanni a can, kulob ɗin da a lokacin rabonsa da Firimiya tun 2001. Ku kalli yadda ɗan tsakiyarsu Rudoni yake shigowa da'ira a makare ku faɗa min wa kuka tuna. Ku kalli yadda ya sayo Matt Grimes daga Swansea ya zaunar da shi gaban 'yan baya, abin da ya rasa yi mana kenan a 2020, yanzu ya gane muhimmancinsa.

To roƙona gare ku 'yan uwa, mu cire bakinmu daga kansa ta kowane ɓangare. Mai zagi ya daina, don wanda ya ba ka daren Bolton da daren Munich ko bai iya koci ba sam bai cancanci ashar daga bakinka ba, balle ya iya yana kan ƙara iyawa. Mai kiran a dawo da shi ma ya daina, kar ku ce ai muryarmu daga nan ba ta isa Landan, masu kulob ɗin nan suna duba abin da ake rubutawa a intanet, kuma duk lokacin da suka rikice suna neman abin da zai kwantar da magoya baya, sunan da muke ta kira shi za su ɗauko, kamar yadda suka yi a 2023. Sau biyu ya amsa kiranmu, sau biyu ya fita da rauni. An haife shi a 1978, a aikin koci har yanzu da sauransa, Ferguson sai da ya kai 51 kafin ya ci lig ɗin Ingila na farko. Idan da rabon ya dawo Stamford Bridge, ya dawo bayan ya yi shekara huɗu ko biyar a wuri ɗaya, ya hau, ya sha wuya, ya gyara bayansa da hannunsa, ya zo a matsayin kocin da ake nema don aikinsa ba don hotonsa da ke jikin bango ba.

Ku kuma masu gidajen kallo, iyayen gidanmu, ina da roƙo ƙarami. Ranar da ake nuna wasan Coventry, a cikin talabijin uku ko huɗun da kuke jerawa a ba mu ɗaya, ko ta gefe ce mai ƙaramin allo. Mu biyar ne a unguwarmu da muka yi magana za mu dinga zuwa, kuɗin benci kuma za mu biya cikakke, ni zan zo da yarana na fili su ma su gani.

Wassalam, naku ɗan Chelsea daga Kaduna.